Jah Shaka: Mai Garmahon Da Ya Tara Baƙin Landan

Ran 12 ga watan Afrilu, 1023 ba ta cikin lissafin kowa, amma ran 12 ga Afrilu, 2023, baƙar fata mazauna Landan sun yi babban rashi, domin a ranar ne Jah Shaka ya rasu. Ba sarki ba ne, ba kuwa ɗan siyasa ba. Mutum ne mai garmaho ɗaya da tarin lasifiku, wanda ya yi shekara wajen hamsin yana tara 'yan ci-rani a wuri guda, a garin da ba a yi marhabin da su ba.

Asalin wannan sana'a daga tsibirin Jamaika ne. A shekarun 1950 talakawan birnin Kingston ba su da kuɗin shiga gidajen rawa na masu hali, sai wasu mutane irin su Duke Reid da Coxsone Dodd suka riƙa ɗora garmaho da manyan lasifiku a mota, su kafa a fili, jama'a su biya 'yan kwabbai su kwana suna rawa. Wannan tarin kayan sauti da ma'aikatansa shi a ke kira sawun-sistam. Da mutanen Jamaika suka fara kwarara Ingila neman aiki daga 1948, sai suka tafi da al'adarsu. Wani mai suna Duke Vin ya kafa nasa a Landan a 1955.

Shi Shaka an haife shi a gundumar Clarendon ta Jamaika, aka kai shi kudu maso gabashin Landan yana yaro a 1956. A zamanin nan baƙin mutum na shan wuya kafin ya sami ɗakin haya, gidajen shaƙatawa da yawa kuma ba su buɗe masa ƙofa. Saboda haka sai baƙi suka koma yin taronsu a ɗakunan ƙarƙashin gidaje da zaurukan unguwa. A nan Shaka ya yi koyon sana'a a hannun wani mai kayan sauti da a ke kira Freddie Cloudburst, kafin ya tsaya da ƙafafunsa.

Sunan da ya zaɓa ya nuna inda ya dosa. Jah shi ne sunan Ubangiji a bakin 'yan Rasta, watau mabiya aƙidar nan da ta tashi a Jamaika bayan naɗin Sarki Haile Selassie na Habasha a 1930, masu ɗaukar Afirka a matsayin gidansu na asali. Shaka kuwa sunan shahararren sarkin yaƙin Zulu ne na Afirka ta Kudu. Bai yarda ya sa faifan batsa ko na alfahari ba. Rege na tushe kaɗai ya ke sawa, mai maganar bauta da zalunci da komawa gida, sa'an nan ya juya faifan ya sa ɓangaren da a ke kira dub, inda a ke janye muryar mawaƙi a bar ganga da amon jita mai kauri suna girgiza ƙirji.

Masu irin wannan sana'a sukan raba aiki: wani ya zaɓi faifai, wani ya riƙe makirufo, wani ya kula da inji. Shaka shi kaɗai ya ke haɗa su duka, yana rera waƙa, yana busa jiniya, yana rawa har asuba. Makaminsa faifai ne na musamman da a ke yanka masa shi kaɗai, wanda ba a samu a kasuwa. Kafin ƙarshen shekarun 1970, lokacin da ya ke wasa a gidan Phebes da ke arewacin Landan, sunansa ya cika gari, har ya fito a fim ɗin Babylon na 1980.

Lokacin kuwa ba na kwanciyar hankali ba ne. 'Yan sanda na da ikon kama saurayi bisa zato kawai, kuma samarin baƙar fata ne abin ya fi shafa, sai a 1981 aka soke dokar. A watan Janairu na wannan shekara gobara ta kashe matasa baƙaƙe 13 a wani gida a New Cross, yankin da Shaka ya tashi. Ga yaran da aka haifa a Ingila amma a ke ce musu baƙi, zauren Shaka ya zama makaranta inda su ke jin labarin Afirka da ba a koya musu a aji ba.

Babbar jarrabawa ta zo a tsakiyar shekarun 1980, sa'ad da kiɗan na'ura da waƙoƙin holewa suka karɓe kasuwa, masu kayan sauti da dama suka bi yayi. Jama'ar Shaka ta ragu ƙwarai, amma ya ƙi sauya faifansa. Ya ci gaba da fitar da jerin faifansa mai suna Commandments of Dub, wanda ya fara a 1982. Mahaƙurci mawadaci: a shekarun 1990 zaurensa ya sake cika, wannan karon har da Turawa da Indiyawa, aka kuma riƙa gayyatarsa Faransa da Italiya da Japan, inda matasa suka gina nasu kayan sautin bisa salonsa.

Maganar Afirka ba ta tsaya a baki ba. Ya kafa gidauniya da sunansa wadda ta kai kayan asibiti da littattafai ƙasar Gana. Ɗansa, wanda a ke kira Young Warrior, shi ma ya kafa nasa tarin lasifikun, ya gaji sana'ar.