Ranar Kasuwa da Rajistar Makaranta

A yawon da mu ke yi ƙauye-ƙauye kan aikin gona, iyaye sukan tare mu da takardar sakamakon 'ya'yansu na ƙaramar sakandare, su ce mu duba musu. Galibi kan makin Lissafi da Turanci su ke sa yatsa. Mu kuwa wani ɗan layi mu ke fara dubawa, inda malamin aji ya rubuta kwana nawa aka buɗe makaranta, kwana nawa kuma yaro ya zo.

To, bari mu yi lissafi tare. Zango ɗaya kamar mako 13 ne, wato kwana 65 na karatu. Idan kasuwar garinku tana ci ran Laraba, yarinya kuma tana fashi kowace Laraba don talla, ta rasa kwana 13 a zango, 39 a shekara. Kafin ta gama aji uku ta rasa kwana 117, kusan zango biyu ke nan. Ba mu ma sa na gona ba tukuna. Zango na uku yana haɗuwa da shuka da noman firi, lokacin da 'yan aji uku ke fuskantar jarrabawar fita. Na ɗaya kuwa cikin kaka ya ke faɗawa, ga yankan gero, ga cirar gyaɗa, ga roron wake.

Ɓarnar ta fi tsanani a nan fiye da firamare. A ƙaramar sakandare, wadda aka soma a Nijeriya a 1982, kowane darasi da malaminsa da sa'arsa. Darasin da a ke yi sau biyu a mako, in ɗaya ya faɗa ran kasuwa, rabinsa ya wuce yarinyar. Lissafi kuwa kamar gini ya ke: wanda bai ga tubalin jiya ba, na yau ba shi da wurin zama. Ga kuma ƙananan gwaje-gwaje na tsakiyar zango, waɗanda a ke haɗa makinsu da na jarrabawa. Wanda ba ya nan, sifiri ne nasa, kome kaifin kansa.

Mun sani hannu ɗaya a gona ba ƙaramin abu ba ne, balle da tsadar ƙodago. Amma dokar ilimi ta 2004 ta ɗora wa iyaye su ga ɗansu ya gama ƙaramar sakandare. Ana iya sa gayya ran Asabar. Talla ta jira a tashi makaranta, ai kasuwar ƙauye sai da rana ta ke cika. A taron iyaye da malamai kuma ku roƙi shugaban makaranta ya kawo rajistar kiran suna a duba tare, ya haɗa da littafin da malamai ke sa hannu da safe, gama su ma wasunsu kasuwa takan ja su.