Ƙurajen Fata da Cutar Ƙanjamau a Birnin Sakkwato

Ku sani, ya malamai da fatake, cutar ƙanjamau takan daɗe a ɓoye cikin jini, amma sau da yawa fata ce ke fara tona ta. A 1983 likitocin Faransa suka gano ƙwayarta, a 1986 aka ba da labarin ɓullarta a Nijeriya. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna Jihar Sakkwato tana cikin masu ƙarancinta. To, ƙarancin nan kan sa mai ƙuraje bai kawo ta a ransa ba.

Aikin ƙwayar shi ne karya garkuwar jiki. Idan ganuwa ta zube, abin da dā ba ya iya shiga gari sai ya shiga. Sai ƙananan ƙuraje masu ƙaiƙayi su feso a hannu da ƙafa, su bar baƙin tabo. Makero da ƙazuwa su ƙi jin magani. Fari-fari ya rufe harshe. Ƙwayar ƙarambau da ta kwanta tun yarinta ta farka, ta yi ɗamara da ƙuraje masu raɗaɗi a gefe guda na jiki. Wani kuma ciwon daji ne, mai fitowa da tabo mai duhu a ƙafa ko a ganda.

Ba kowane ƙurji ne ƙanjamau ba. Hunturu ma yakan busar da fata har ta tsattsage, gwajin jini kaɗai ke raba gardama. Ana yinsa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Asibitin Ƙwararru. Tun 2006 gwamnati ta mai da maganin kyauta. Wanda ya lizimci shansa kullum, garkuwarsa takan dawo, yawancin ƙurajen su kwanta. In kuwa sabon magani ya kawo zazzaɓi da saluɓewar leɓe, a koma wurin likita ran nan.

Mai sayar da man shafawa a kasuwa ya sani, wani man yakan danne ƙaiƙayi alhali makero yana yaɗuwa. Malami kuwa, wurinsa mai ciwo kan fara zuwa. Ya rufa masa asiri, ya nuna masa hanyar asibiti. Ƙanjamau ba ta bin musafaha, ko cin tuwo a akushi ɗaya, ko tsayuwa a sahu ɗaya, saboda haka babu dalilin a janye masa tabarma.

Haza wasalam.