Abin da Zafi Ke Yi wa Ƙaron Itacen Fain

Itacen fain, irin wanda aka daddasa a gandun dajin Afaka kusa da Kaduna da kuma kan tsaunukan Jos, yana tsatso da danƙo mai kauri idan aka tsaga ɓawonsa. A masana'anta ana dafa danƙon da tururi, man tafentain ya tashi ya rabu, a bar wani ƙaro mai launin zuma da ake kira rozin. Ƙasar Sin ce kan gaba wajen samar da shi. Kusan kashi 90 cikin 100 na rozin asid ne iri-iri 'yan gida ɗaya, fitacce a cikinsu shi ne abiyetik. Galibinsu kowace ƙwaya na ɗauke da kabon 20, haidurojin 30 da oksijin 2. Tsarin zamansu ne kawai ya bambanta.

Zafi ba ya rushe waɗannan sinadarai lokaci guda, daki-daki yake bi. A wajen digiri 70 zuwa 80 na ma'aunin Salsiyos rozin yana laushi, sannan ya narke. Tun a tukunyar farko ma canji ya soma: asid ɗin lebofimarik, wanda ke da yawa a ɗanyen danƙo, ba ya jure wuta, sai ya sake tsari ya koma abiyetik. Shi kuwa abiyetik yana saurin haɗuwa da iskar oksijin, abin da ke sa rozin ya yi duhu, darajarsa ta faɗi. Shi ya sa masana'antu ke dafa shi a rufe, a ƙarƙashin iskar naitirojin.

Daga digiri 250 zuwa sama ne masana'antu suka fi cin moriyarsa. Idan aka dafa shi da gilisarin, ana samun ƙaron da ke shiga cingam da wasu lemukan kwalba. Idan kuma aka sa masa ƙarfen faladiyom, ƙwayoyin kan yi musayar haidurojin a tsakaninsu, a sami rozin mai jure iska da ake amfani da shi wajen haɗa robar taya. Amma da zarar an haura digiri 300, ƙwayar takan fara zubar da ɓangaren da ya sa ta zama asid, ya fita a matsayin iskar kabon dayoksaid, abin da ya rage ya zama mai. In wuta ta ci gaba, sai a kai ga sinadarin retin, wanda masu bincike ke gane hayaƙin gobarar dajin fain da shi.

Irin wannan canjin da zafi ke yi wa rozin yana faruwa kullum a Abuja, a kan teburin masu gyaran waya da kwamfuta na Banex Plaza a Wuse 2. Siririyar wayar dalmar da suke liƙi da ita tana da rami a tsakiya, cike da rozin. Hikimar ita ce, rozin mai sanyi ba ya cin ƙarfe, ba ya kuma ɗaukar lantarki, amma da ya narke sai asid ɗinsa ya wanke dattin da iska ta dasa a kan jan ƙarfe, dalma ta kwanta sumul. Wayar da aka yi da haɗin kuza kashi 63 da dalma kashi 37 tana narkewa a digiri 183, wadda ba ta da dalma kuwa a wajen 217, alhali bakin ƙarfen liƙi yakan kai 350 ko fiye. Mai gyaran da ya ƙure wuta don sauri yana ƙone rozin kafin ya gama aikinsa. Baƙin dattin da ke taruwa a bakin ƙarfe da liƙin da ke fita dususu duk shaidar hakan ne.

Farin hayaƙin da ke tashi daidai hancin mai gyara, da yawa suna ɗauka na dalma ne. Ba haka ba ne, dalma ba ta tafasa sai an wuce digiri 1,700. Haɗarinta ta hannu yake bi zuwa baki. Hayaƙin na rozin ne da ya rushe: ƙananan ɓurɓushin asid da iskoki masu yaji irin su fomaldihaid. Yana sa ido ruwa, yana ƙaiƙayin maƙogwaro, kuma yana cikin sanannun abubuwan da ke jawo cutar asma a wurin aiki. Wanda jikinsa ya riga ya ƙi shi, ko kaɗan ya shaƙa sai ƙirji ya toshe, kuma yawanci hakan ba ya warkewa. A Birtaniya doka ta ƙayyade kada wannan hayaƙi ya wuce miligiram 0.05 a kowace mita kubik ta iska cikin awa 8 na aiki.

A ƙaramin shago mai rufe da gilashi, inda mutum uku ko huɗu ke liƙi tun safe, rage zafin ƙarfe zuwa iya abin da dalma ke bukata da sa fanka mai zuƙe hayaƙi waje sun fi ƙyallen rufe hanci amfani nesa ba kusa ba.