CUMALIKIZIK: ƘAUYEN JUMA'A A ƘASAR TURKIYYA

Gabatarwa

Idan ana maganar Daular Usmaniyya, yawancinmu birnin Istanbul muke tunawa. Amma daular ta fara ƙarfi ne a Bursa, kuma ƙauyuka ne suka ciyar da wannan birni. Wannan maƙala za ta yi bayani a kan ɗaya daga cikinsu, wato Cumalıkızık, wanda ake furtawa "Jumalikizik".

Inda Ƙauyen Yake

Cumalıkızık yana arewa maso yammacin Turkiyya, kimanin kilomita 10 gabas da tsakiyar Bursa, a gindin dutsen Uludağ mai tsayin mita 2,543. Ruwan da ke gangarowa daga dutsen yana bi ta tsakiyar hanyoyin ƙauyen, waɗanda aka shimfiɗa da duwatsu. Wasu lungunan suna da matsi ƙwarai, har akwai wanda ake kira Lungun Aljanu, mutum ɗaya ma da ƙyar yake wucewa.

Asalin Suna da Tarihi

Kızık sunan wata ƙabila ce ta Turkawan Oguz, kuma ƙauyuka da dama a gindin dutsen suna ɗauke da shi, kamar Hamamlıkızık da Derekızık. Ita kuwa kalmar "Cuma" ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe, domin Juma'a ke nan. Ana cewa a nan ne mutanen sauran ƙauyukan suke haɗuwa su yi sallar Juma'a, shi ya sa aka ba shi sunan.

Bayan Sarki Orhan ya ci Bursa da yaƙi a 1326, an mayar da ƙauyen wakafi. Wato kuɗin da aka samu daga gonakinsa ana kashe su ne wajen kula da masallaci da gidan ciyar da mabuƙata da sarkin ya gina a birni. Ta haka gumin manomi ya riƙe rayuwar birni. A lokacin da sojojin Girka suka mamaye Bursa daga 1920 zuwa 1922, an ƙone wasu ƙauyukan Kızık, amma wannan ya tsira.

Ƙauyen a Yau

Akwai tsofaffin gidaje kimanin 270. Ƙasansu na dutse ne, benensu kuma na katako da tubali, an shafe su da launin rawaya ko shuɗi. A 2014 hukumar UNESCO ta sa ƙauyen tare da Bursa cikin wuraren tarihi na duniya. Maziyarta sun yawaita, an mayar da gidaje da yawa wuraren sayar da abinci da tsaraba.

Kammalawa

Wannan ya kawo kuɗi, amma ya kawo tambaya. Gidan katako yana daɗewa ne idan akwai mai zama ciki yana gyara shi. Idan noma ya ja baya, mazauna suka koma birni, abin da zai saura kasuwa ce cikin tsofaffin bangaye. Ƙauyen ya tsira daga wutar yaƙi; yanzu aikin da ke gaban mutanensa shi ne su karɓi baƙi ba tare da sun rasa ƙauyensu ba.