"A Mayar Da Shi Gida": Taƙaddamar Taimaka Wa Majinyaci Ya Mutu, Da Inda Ta Shafe Mu

A Wurno, Rabah ko Goronyo, idan aka kai mai ciwon daji asibiti a Sakkwato likita ya ce ciwon ya wuce magani, maganar da ke biyo baya sananniya ce: a mayar da shi gida, a ci gaba da addu'a. Wani abokina ya tambaye ni, shin wannan ba shi ne abin da Turawa ke rigima a kansa ba? A'a, ba shi ba ne.

Abin da ake jayayya a kai shi ne likita ya rubuta wa mai ciwon ajali maganin da zai sha ya mutu, ko ya yi masa allurar da hannunsa, bisa roƙon majinyacin. Jihar Oregon ta Amurka ta fara aiki da irin wannan doka a 1997, Holan da Beljiyam a 2002, Kanada a 2016. A watan Yunin 2025 majalisar wakilan Birtaniya ta amince da wani ƙuduri da ƙuri'a 314 kan 291, wanda ya shafi manya da ake hasashen ba za su wuce wata shida ba. Masu goyon baya na cewa mai rai shi ya san iyakar azabar da zai iya ɗauka. Masu adawa, ciki har da ƙungiyoyin naƙasassu, na tsoron tsoho ko talaka ya ga ya zama nauyi ga iyali, ya zaɓi mutuwa saboda kunya. Suna kuma nuni da Kanada, inda a 2021 aka faɗaɗa dokar ta haɗa da waɗanda mutuwarsu ba ta kusa ba. Ni dai hujjar nauyi ga iyali ta fi kama ni, domin na san yadda jinya ke cinye buhunan albasa da shinkafar gida.

A Najeriya ƙofar a rufe take. Dokar final kod ta Arewa ta ɗauki taimaka wa mutum ya kashe kansa a matsayin laifi, kundin laifuffuka na Kudu ma ya ce wanda ya gaggauta mutuwar marar lafiya shi ya kashe shi. Malaman Musulunci kuwa sun haramta, ko da majinyacin ne ya roƙa.

To amma ƙin karɓar magani wani abu ne daban. A 2001 Kotun Ƙoli, a shari'ar Dakta Okonkwo, ta ce baligi mai hankali na da 'yancin ƙin magani ko da hakan zai kai shi ga mutuwa. Majinyaciyar 'yar ɗariƙar Shaidun Jehobah ce da ta ƙi ƙarin jini. A ɓangaren fiƙihu, majalisar malamai ta Rabiɗa a Makka ta yanke a 1987 cewa ana iya cire na'urar numfashi idan ƙwararrun likitoci uku sun tabbatar ƙwaƙwalwa ta daina aiki gaba ɗaya. Ka ga ke nan, wanda ya ce a kai shi gida ya cika a ɗakinsa bai karya doka ba. Ciwon ne ya ɗauke shi, ba hannun wani ba.

Matsalarmu tana farawa ne bayan an iso gida. Na yi jinyar wata gwaggona a wani ƙauye kusa da Goronyo. An sallame ta da farasitamol, tana kwana tana nishi, mu kuma sai sannu. A kimiyyance wannan azabar ba dole ba ce. Mofin, wanda ake samu daga tsiron ofiyom, yana kama wasu wurare a ƙwaƙwalwa da lakar baya ya rage saƙon zafi. Ana farawa da kaɗan a riƙa ƙarawa gwargwadon ciwo, kuma bincike ya nuna idan an bi wannan ƙa'ida ba ya gajarta rai. Ba shi ma da tsada. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 14 cikin 100 kacal na masu buƙatar kulawar sauƙaƙa raɗaɗi ke samun ta.

Me ya hana? Tsoro, galibi. Bayan ɓarnar tiramadol da kodin, har gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin a 2018, duk wani magani na wannan dangi ya zama abin zargi. Ma'aikacin lafiya na gudun hukuma, dangi na gudun a ce an sa wa tsohuwa ƙwaya. Ga nisa, ga hanyoyin gabashin Sakkwato da ba kullum ake bin su da kwanciyar hankali ba.

Yuganda ta gwada wata hanya. Dakta Anne Merriman ta kafa cibiyar kula da masu ciwon ajali a Kampala a 1993, ana haɗa mofin na ruwa mai araha a cikin ƙasar, sannan a 2004 aka ba ma'aikatan jinya da suka samu horo izinin rubuta shi, suna bin majinyata har gida. Kafin mu kai can, idan likita ya ce muku a koma gida, ku tambaye shi kafin ku fita: wane maganin zafi za a ba shi, sau nawa a rana, kuma wa za mu kira idan ya daina aiki?