Duwatsun Roba 61,440 Da Dutsen Guga Guda

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a birni cikin shekarun 1990, ko kuwa ya yi renon yara a lokacin, zai tuna da na'urar wasan nan da ake jona wa talabijin, a cusa mata kaset, sai ga wani ɗan guntun mutum mai jar hula da gashin baki yana tsalle bisa tubali yana tattara kwabbai. Mario ke nan. Iyaye da yawa sun sha faɗa a kansa, don yakan hana yara aike da aikin makaranta. To, 'yan'uwa masu karatu, yaran da suka yi wannan wasa a Turai da Amurka da Japan sun girma, wasu har da furfura, amma ba su rabu da Mario ba. Akwai waɗanda suke ɗauko hotunan wasannin nan suna gina su da hannu, da 'yan ƙananan duwatsun ado na roba, sa'an nan su bi su da dutsen guga har su manne su zama faifai guda da za a rataye a bango. Wani hoton bai wuce tafin hannu ba, wani kuwa ya fi mita guda. Manyan muke so mu duba yau, gama a nan ne mutum yakan zuba aikin makonni, ya kuma iya ɓata shi duka cikin minti biyu.

Duwatsun da ake magana, suna ne kawai. Roba ce, irin wadda ake yin leda da ita, kowane ɗaya kamar an yanko ɗan guntun tsinken shan lemo, da rami a tsakiya. Ana jera su bisa wani farantin roba mai ƙayoyi a layi a layi, kowane dutse ya zauna a kan ƙayarsa. Wani mutumin Suwidin, Gunnar Knutsson, shi ya ƙago farantin a farkon shekarun 1960, kuma don tsofaffi ya yi shi, waɗanda ke zaune a gidajen kula da tsofaffi, su sami abin motsa yatsu. A lokacin da gam ake manna hoton a jikin kwali, a riƙa ɗora tukunya mai zafi a kai. Daga baya aka koma yin duwatsun da robar da ke narkewa da zafi kaɗan sama da na tafasar ruwa, shi ke nan dutsen guga ya shigo cikin sana'ar. A Denmak, kamfanin Malte Haaning da ya fara da yin tsinken shan lemo a 1961 ya fito da nasa duwatsun a 1971, waɗanda aka sani da sunan Hama. A Amurka kuwa an kafa Perler a jihar Kalifoniya a 1981. Hama tana yin su girma uku: milimita 2.5, da 5, da 10. Na tsakiyan nan, mai milimita 5, shi ne aka fi aiki da shi.

Me ya haɗa wasan tsofaffin Suwidin da Mario? Ɗigo. Hoton da ke fuskar talabijin ko kwamfuta tarin 'yan ɗigo ne masu kusurwa huɗu, ana ce wa kowane ɗaya fiksel. Na'urorin yau suna zuba miliyoyinsu, ido ba ya ganewa. Na dā kuwa matalauta ne. Wadda kamfanin Nintendo ya fitar a Japan a 1983 da sunan Famicom, wadda kwafinta ne suka cika kasuwanninmu daga baya, ɗigo 256 take nunawa a kwance, 240 a tsaye. Ƙaramin Mario na wasan Super Mario Bros. na 1985 yana shiga cikin akwatin ɗigo 16 sau 16, da launi uku tak. Talaucin nan ne ma ya ba shi kamanninsa tun a wasan Donkey Kong na 1981. Mai zana shi, Shigeru Miyamoto, ya sa masa hula don gashi yana da wuyar zanawa da 'yan ɗigon nan, ya kuma sa masa gashin baki don hanci ya fito sosai. Tun da haka ne, mai duwatsu ba ya bukatar ya iya zane. Ɗigo ɗaya, dutse ɗaya. Ja inda aka sa ja. Wanda ya taɓa zama kusa da mai ɗinkin hula yana ƙirga zare zai gane aikin nan da gani ɗaya.

Yanzu sai lissafi, don shi ne ke raba mai wasa da mai aiki. Farantin da aka saba da shi yana da ƙaya 29 sau 29, wato gurbi 841, ana kuma iya sarƙa shi da 'yan'uwansa ta kowane gefe. Ƙaramin Mario faranti ɗaya ya ishe shi, tsawonsa santimita 8, yaro zai gama shi kafin a sauke tuwo. Amma a ce mutum yana son fuskar wasan gaba ɗaya, da sararin sama da gajimare da tubali da bututun nan kore. Sai ya ninka 256 sau 240, ya sami duwatsu 61,440. Faɗin hoton mita 1.28, tsayinsa mita 1.2. Faranti tara a kwance, tara a tsaye, 81 ke nan. Ƙaramar jakar duwatsu tana ɗauke da 1,000, saboda haka jaka 62 ita ce mafi ƙanƙanta, ban da waɗanda za su gangara ƙarƙashin kujera. Idan muka ƙaddara mutum yana sa dutse ɗaya cikin daƙiƙa uku, bai huta ba, bai yi kuskure ba, zai yi sa'a 51 a sunkuye. Wanda ya ga wannan ya yi masa yawa yakan koma ga Game Boy, 'yar na'urar hannu ta 1989, mai ɗigo 160 sau 144 da launi huɗu. Ita ma duwatsu 23,040 ne bisa faranti 30.

Abin dariyar shi ne, mafi yawan hoton Mario sararin sama ne, shuɗi tsantsa. Mutum zai yi kwanaki yana jera shuɗi bayan shuɗi da matsefata. A nan ne kuma tarko na farko yake. In shuɗin ya ƙare a tsakiyar aiki aka sayo wani, ba lalle ya zo daidai da na farko ba, ko da kamfani ɗaya ne, sai a ga sararin sama ya rabu biyu. Masu aikin sukan sayi launin da ya fi yawa gaba ɗaya, su juye a kwano guda su gauraya. Ba a kuma son haɗa duwatsun kamfanoni dabam dabam a hoto ɗaya, gama ba da zafi ɗaya suke narkewa ba. Wani ya zama lumus, maƙwabcinsa ko gezau.

Muddin ba a yi guga ba, babu abin da ya riƙe duwatsun sai ƙayoyin nan. Gwiwar hannu ta bugi tebur, kyanwa ta yi tsalle, jariri ya ja zanen tebur, aikin mako uku ya watse a ƙasa. Don haka wasu sukan yi aikin kashi kashi, su gama faranti huɗu ko shida su goge su ajiye. Mu dai a ganinmu wannan dabara tana da nata haɗarin. Roba takan ɗan baje in ta narke, kuma da wuya hannu ya ba kowane kashi zafi iri ɗaya. Ranar haɗawa sai a tarar wani ya fi wani faɗi, ɗinkin ya fito kamar facin wando.

Dabarar da masu manyan hotuna suka fi yarda da ita ta salatif ce. In an gama jerawa, sai a shimfiɗa salatif na takarda bisa hoton layi layi, kowane layi ya ɗan hau na kusa da shi, a danna har kowane dutse ya kama. Sa'an nan a ɗaga hoton daga farantan, a kife shi tsakanin katako biyu ko kwali mai ƙarfi. Masu yi sun ce wannan kifewa ita ce lokacin da numfashi ke tsayawa. Da yawa sukan huda salatif ɗin a kan ramin kowane dutse, don iska mai zafi ta sami mafita, in ba haka ba ta kumbura ramukan su wage. A tuna fa, ramuka 61,440. Amfanin wahalar biyu ne. Farantan sun tsira, domin guga mai tsawo yana lanƙwasa su, faranti lanƙwasasshe kuwa ya gama aiki. Na biyu, bayan hoton ake gogewa, fuskarsa ta zauna yadda aka jera ta. Wanda ya goge a kan faranti, sa'an nan ya juyo ɗaya gefen don nunawa, zai tarar da komai a juye kamar a madubi. Ga gajimare ba a gane ba, amma rubutun da ke saman fuskar wasan zai tona asiri.

Gugar kanta ba a yinta kai tsaye. Ana rufe duwatsun da takardar nan da masu gasa kek ke shimfiɗawa, wadda ba ta mannewa. Takardar jarida ko leda ɓarna ce. A sa dutsen guga a matsakaicin zafi, ban da tururi, a riƙa zagayawa a hankali ba tare da dannawa ba, har a ga zoben duwatsun ya fara bayyana ta cikin takardar. Wasu suna son ramukan su kasance a buɗe, a san da duwatsu aka yi. Wasu suna narkarwa har ramukan su rufe, kowane dutse ya zama ɗigo mai kusurwa huɗu kamar na talabijin. Kowanne da kyansa, amma dole a tsaya kan ɗaya daga wannan kusurwa zuwa waccan. Wurin da bai ji zafi ba zai ɓalle ranar ratayewa, a iya sake bi. Wurin da ya ji fiye da kima ba ya komawa. Sai dai a yanke shi da reza a yi faci.

Ga wanda ke son gwadawa a nan gida, ga abin lura. Dutsen guga na gawayi ba shi da ma'aunin zafi, ga toka da tartsatsi, ba za mu ba da shawarar a kusantar da shi ga babban hoto ba. Na lantarki kuwa sai an tabbata wuta za ta zauna, domin in an ɗauke ta a tsakiya, rabin da aka goge zai huce ya fara lanƙwasa, ya ja wanda ba a goge ba. A kuma kiyaye ƙananan yara ƙwarai. Duwatsun nan suna kama da alewa, suna shiga baki da hanci da kunne. Masu yin su da kansu sun rubuta a jikin jaka cewa ba na 'yan ƙasa da shekara uku ba ne, na milimita 5 ɗin ma tun daga shekara biyar ake ba yaro. Wanda kuma yake tunanin kasuwa ya sani Mario dukiyar Nintendo ce. Ratayewa a ɗaki dabam, bugawa da yawa don sayarwa dabam.

In an gama guga, aiki bai ƙare ba tukuna. Roba mai zafi tana naɗewa in tana hucewa, gefunan su tashi kamar ganyen da rana ta buga. Nan da nan ake ɗora katako mai faɗi, a jibga masa littattafai ko tubali, a bar shi har ya yi sanyi sarai kafin a ɓare takarda da salatif. Hoto mai girman mita ba ya iya ɗaukar nauyin kansa a kan ƙusa ɗaya, sai an manna shi a jikin falanki. A rataye shi inda rana ba ta duka, sa'an nan a ja da baya taku biyar ko shida. Daga kusa zobba ne kawai na roba. Daga bakin ƙofa, ga Mario nan ya ɗaga hannu zai daki tubali.