Kafin a Ce Yaro Daƙiƙi Ne, a Tambaye Shi Yadda Ya Samo Amsar

Duk mai cin kasuwa a Ƙaraye ko Rogo ya san yarinya mai tallar awara ba ta ɓata canji. Ka yi cinikin naira 320, ka miƙa mata 500, kafin ka mai da hannu aljihu ta ce canjinka 180. Amma a rubuta mata 500 a sama, 320 a ƙasa, a ce ta ɗebe, sai ta rubuta 220. Malam ya ja jan biro, a gida kuma a yanke mata hukunci: "Ai ita kanta ba ya ja."

Wannan 220 ɗin ba daga sama ta faɗo ba. Yarinyar ta dubi layin tsakiya, ta ga sifiri a sama, biyu a ƙasa. An sha gaya mata ba a ɗebe babba daga ƙarami, sai ta juya su, ta cire sifiri daga biyu. A kasuwa kuwa ba ɗebewa take yi ba, cikowa take yi: daga 320 zuwa 400 saura 80, daga nan zuwa 500 saura 100. Hanya ce sahihiya, kawai dai ba wanda ya taɓa tambayarta. Abin da ya shige mata duhu ɗaya ne tak, wato aro daga gidan ɗaruruwa, kuma bulala ba ta koyar da aro.

Ba mu kaɗai ke da wannan ba. A wani nazari da aka wallafa a 1985, masu bincike a birnin Recife na ƙasar Brazil sun gwada yara 'yan talla. A wurin ciniki sun ci kusan kashi 98 cikin ɗari na tambayoyin, da aka ba su irin lissafin a takarda da lambobi zalla, sai suka tsaya a wajen kashi 37. A Jami'ar Wisconsin ta Amurka kuma, Thomas Carpenter da Elizabeth Fennema sun gina tsarin horar da malamai a kan wannan tushe: malami ya fara gano yadda yaro ke warware tambaya, sannan ya ɗora a kai.

Malam, abin ba ya bukatar kuɗi. Ka ba da tambayar cikin labarin da yaro ya sani, da Hausa: masunci ya kamo kifi 27 a dam ɗin Chalawa da safe, 15 da yamma, nawa ke nan? Ka bar su su yi da yatsu, da tsakuwa, da karan dawa ɗaure goma-goma. Sai ka tsai da biyu ko uku su faɗi yadda suka yi, har da wanda ya kuskure. In wani ya rubuta 312, to ya iya tarawa, bakwai da biyar sha biyu ne. Inda zai kai goman ne bai sani ba. Na san aji ya cika maƙil, malami ɗaya ba zai bi kowa ba. Amma yara uku a kowane darasi ba su fi ƙarfin kowa ba, kuma sauran suna saurare.

Iyaye kuma kada a ji wannan a ce to talla ta wadatar. Binciken da Abhijit Banerjee da Esther Duflo da abokan aikinsu suka fitar a 2025 a kan yaran kasuwannin Kolkata da Delhi a Indiya ya nuna gwanintar kasuwa ba ta shiga aji da kanta, ta aji ma ba ta fita kasuwa da kanta. Sai an haɗa su da gangan. Yarinyar da ke kan tire lokacin darasi ba za ta iya karanta takardar bashin taki ba in ta girma.

A nan Kano an riga an gwada makamancin wannan. Shirin KaLMA, wanda aka fara a 2019 a Wudil da Dawakin Tofa, ya auna 'yan aji huɗu zuwa shida ɗaya bayan ɗaya, ya kasa su bisa abin da suka iya, ba bisa ajinsu ba. Tun da gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, iyaye a Ƙaraye da Rogo na da hurumin tayar da maganar irin wannan horo ga malamansu a taron iyaye da malamai, su kuma nemi hedimasta ya kai ta ofishin sakataren ilimi.